Gidan Davanzati a Florence: abin da za ki gani, da abin da za ki yarda da shi

Tambaya: Ni malamar tarihi ce a makarantar sakandare. Zan raka maigidana Italiya, kuma za mu yi yini ɗaya a Florence. Ina so in shiga gidan tarihin da zai nuna mini yadda iyalan manya suka yi zaman gida a zamanin Farfaɗowar Turai (Renaissance, lokacin da fasaha da ilimi suka sake bunƙasa a can), ba gumaka da zane-zanen coci kaɗai ba. Wane gida zan je? Kuma kayan da ake jerawa a irin waɗannan gidaje, da gaske haka masu gidan suka bar su?

Amsa: Malama, Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya. In yini ɗaya ne kawai gare ki, ki nufi Palazzo Davanzati da ke titin Via Porta Rossa, a tsakiyar tsohon gari. Daga babbar tashar jirgin ƙasa ta Santa Maria Novella bai wuce tafiyar minti goma zuwa sha biyar a ƙafa ba. Amsar tambayarki ta biyu kuwa ita ce a'a. Gadaje da kujeru da akwatunan da za ki tarar tsofaffi ne, amma ba na mutanen gidan ba ne, daga wurare daban-daban aka tattaro su. Abin da bai taɓa ƙaura ba shi ne ginin kansa, da rijiyarsa, da matakalarsa, da ban-ɗakunansa, da zanen bangonsa. Saboda haka ki ba gini kashi biyu na hankalinki, kaya kuma kashi ɗaya.

Domin ki samu inda za ki rataya zamanin a zuciyarki da ta ɗalibanki: lokacin da Lorenzo de' Medici ke juya al'amuran Florence, daga 1469 zuwa 1492, Sarki Muhammadu Rumfa ne a kan gadon Kano. Gidan da nake aika ki ya girmi su biyun da kusan shekara ɗari. An gina shi a tsakiyar ƙarni na 14, wato kafin salon ginin Farfaɗowa ya kankama, amma an zauna a cikinsa tun daga farkon zamanin har ƙarshensa. Wannan ya sa na fifita shi a kan manyan fadoji irin su Palazzo Pitti, waɗanda sarakunan baya suka yi ta yi wa kwaskwarima har asalinsu ya ɓace a ƙarƙashin ruwan zinariya.

Akwai gyara ɗaya da ya kamata ki shiga da shi. Manyan Florence na wancan lokaci yawancinsu ba 'ya'yan sarauta ba ne, attajirai ne. Tun a 1293 garin ya kafa dokokin da suka hana tsofaffin gidajen masu takobi riƙe manyan muƙamai, aka ce sai wanda ke cikin ƙungiyar wata sana'a zai hau kujerar mulki. Dangin Davizzi, waɗanda suka gina wannan gida, 'yan kasuwar tufafin ulu ne na ƙungiyar Calimala, masu sayo yadi daga Faransa da Flanders, su rina shi, su gyara shi, su sake sayarwa da riba mai kauri. Kuɗin garin shi ne florin, tsabar zinariya mai nauyin kusan giram 3.5 da aka fara bugawa a 1252, kuma wani kaso na zinariyar da ke shiga Italiya a wancan zamani daga Afirka ta Yamma take fitowa, ta ratsa Sahara a bayan raƙuma zuwa tashoshin ruwan Arewacin Afirka. Don haka idan kin shiga, kada ki nemi fadar sarki. Gidan ɗan kasuwa ne mai tsoron ɓarawo, mai tsoron bore, mai ƙirga kowane kwabo, mai kuma son a san ya isa.

Davizzi sun sayar da gidan ga dangin Bartolini a 1516. A 1578 Bernardo Davanzati ya saye shi, wani ɗan kasuwa kuma masani wanda ya fassara ayyukan marubucin tarihin Rum, Tacitus, ya kuma yi rubutu a kan kuɗi da canji. Zuriyarsa ta riƙe gidan har 1838, lokacin da magajinsu na ƙarshe ya rasu. Daga nan gidan ya lalace, aka yanyanka shi ɗaki-ɗaki ana haya, aka shafe bangonsa da farar ƙasa. A 1904 wani dillalin tsofaffin kaya mai suna Elia Volpi ya saye shi, ya kankare farar ƙasar, zane-zanen da suka yi ɗaruruwan shekaru a ɓoye suka bayyana. Ya gyara su, ya cika ɗakunan da kayan da ya tara, ya buɗe wa jama'a a 1910. Sai dai Volpi ɗan kasuwa ne kafin komai. A 1916 ya kwashe kayan ya kai New York ya yi gwanjonsu, attajiran Amurka suka yi rububi, har salon ya bazu a gidajensu. Gwamnatin Italiya ta sayi ginin a 1951, ta sake zuba masa kaya daga ma'ajiyar gidajen tarihinta da abin da aka saya ko aka ba da kyauta, ta buɗe shi a 1956. An rufe shi a 1995 don babban gyara, aka kammala sake buɗewa a 2009. Kin ga ke nan hannu uku ne a cikin abin da za ki kalla: na Davizzi da suka gina, na Davanzati da suka ƙara, da na Volpi da gwamnati da suka jera. Ni ban ɗauki wannan a matsayin aibi ba. Aibin shi ne mutum ya fito yana zaton ya ga ɗakin wata baiwar Allah yadda ta bar shi ranar da ta rasu.

Kafin ki shiga, ki tsallaka ɗan filin da ke gaban gidan ki juyo ki dube shi. Dogo ne, siriri, na dutse. Ƙasa manyan ƙofofi uku ne masu baka, sama hawa uku, kowanne da taga biyar. Rumfar da ke can ƙoli, mai buɗaɗɗen gaba, an ƙara ta ne a ƙarni na 16, inda a da akwai katanga mai tsaga-tsaga irin ta gidan yaƙi. Wannan sauyi kaɗai ya isa darasi guda: wurin da kakanni ke laɓewa su yi jifa ya zama wurin da jikoki ke shan iska. Babban tambarin da ke manne a gaban ginin na Davanzati ne. Ki lura da ƙarafan da ke fitowa daga bango. Zobban ƙasa na ɗaure dawaki ne. Waɗanda ke gefen tagogi suna riƙe da dogayen sanduna a kwance, inda ake shanya yadi da wanki, ake rataya kejin tsuntsu, ranar biki kuma a zubo darduma da kyawawan yadudduka su yi wa titi ado.

Da kin shiga zauren farko, ki ɗaga kai. A rufin akwai ramuka huɗu da suka huda har zuwa daɓen babban falon da ke sama. Ta nan mutanen gida ke leƙen wanda ya shigo, in kuma maƙiyi ne a sako masa abin da ya sawwaƙa. Ba tsoron banza ba ne. Garin ya sha faɗan ɓangarori, kuma a 1378 ma'aikatan ulu, waɗanda ake kira Ciompi, suka yi bore, suka ƙona gidajen wasu manya, suka karɓe mulki na ɗan lokaci. Mai arzikin da ya samu dukiyarsa daga ulu ya san sarai su wane ne za su iya zuwa ƙofarsa da wuta. Idan kin hau sama za ki ga murafen ramukan a daɓe, ki tsaya a kansu ki dubi ƙofar titi daga inda mai gida ke dubanta.

Tsakar gidan ƙarama ce, mai zurfi kamar rijiya, haske na saukowa daga sama. Matakala na zagaya ta, ta dutse a ƙasa, ta katako a sama don a rage wa gini nauyi. A nan ne abin da na fi so a duk gidan yake, wato rijiya. Yawancin mutanen gari a rijiyar unguwa suke ɗiban ruwa, amma Davizzi suna da tasu a cikin gida, kuma ba a ƙasa ta tsaya ba. An bar rami a cikin kaurin bango tun daga bakin rijiya har hawa na ƙarshe, kowane hawa da ɗan ƙyaurensa. A buɗe, a saki guga, a jawo ruwa har kicin ba tare da an taka matakala ba. Ki nemi waɗannan ƙyamare a kowane bene, don mutane da yawa suna wuce su suna zaton kabad ne. Amfaninsu biyu: sauƙin aiki, da kuma tsaro, domin gidan da ke da ruwansa zai iya kulle ƙofa ya zauna ciki har tarzoma ta lafa. Haka kuma ban-ɗakuna. A gefen ɗakuna akwai ƙananan lunguna masu dakali da rami da murfi, ƙazanta na bin bututu ta sauka ƙasa. A ƙarni na 14 wannan gata ne da ba kowane basarake a Turai ke da shi ba. Idan kina neman ma'aunin arzikin gidan, ki auna shi da ruwa da magudana kafin ki auna shi da zane.

Kowane bene yana da babban falo a gaba, mai tagogi biyar da ke kallon titi. Nan ake bikin aure, ake karɓar gaisuwar mutuwa, ake taron dangi. Yadda aka jera shi yau ya fi yadda yake a da cika. A wancan lokaci teburin cin abinci allo ne da ake ɗorawa a kan ƙafafu a ci a naɗe, kujera mai majingini kuwa ba ta da yawa, jama'a a kan benci da akwati da 'yan kujerun tsugunno suke zama. Kujerun nan masu ƙafa a gicciye da ake liƙa wa sunan Savonarola, wani malamin coci mai wa'azi a Florence, sunan ma daga baya can aka raɗa musu. Tagogi kuma yawanci babu gilashi. Yadin lilin ake shafa wa mai ko kakin zuma a ɗaure a firam, haske ya shigo dishi-dishi, iska ta tsaya a waje, da dare a rufe da ƙyauren katako. Ki ƙiyasta hunturun Florence a ɗaki irin wannan, za ki gane dalilin manyan murhunan bango da kuma tufafi masu nauyi da ake gani a hotunan zamanin.

A bene na farko akwai ɗakin da ake kira na aku, saboda ƙananan akun da aka zana a jikin bangonsa, da wani na ɗawisu. Ki matsa kusa ki duba da kyau. Abin da mai zanen ya kwaikwaya labule ne: ya zana yadi mai gida-gida kamar an rataye shi a ƙugiyoyi, har da naɗewarsa a kusurwa inda shafin ciki ke leƙowa, sama da shi kuma itatuwa a tsakanin ginshiƙai kamar kana hangen lambu. Yadin bango na gaske yana da tsada ƙwarai, ana fito da shi ne ranar sha'ani, zanen kuma ya riƙe wurin sauran kwanakin shekara. A ɗakin ɗawisu, jerin tamburan da ke zagaye da bango na gidajen da Davizzi ke da alaƙa da su ne. Baƙon da aka shigar nan yana karanta su kamar yadda ake karanta takardar shaida: ga waɗanda za su tsaya mana in rigima ta tashi. Ki tuna dai cewa Volpi ya taɓa waɗannan zane-zane, ya cike inda ya goge, don haka ba kowane layi ne na ƙarni na 14 ba.

Ɗakin da ya fi shahara yana bene na biyu, ɗakin kwanan da aka yi wa ado saboda auren wani ɗan Davizzi da wata 'yar gidan Alberti. A saman bango, zagaye da ɗakin, an zana wani tsohon labarin Faransa na ƙarni na 13, labarin uwargidan Vergy. Wani jarumi yana soyayya a asirce da wata 'yar dangin sarkin Burgundy, alamar da ke tsakaninsu ɗan kare ne da take saki in hanya ta yi kyau. Matar sarki ta nemi jarumin da lalata, za ki gan su suna wasan dara irin na Turawa, ya ƙi, sai ta juya magana ta kai ƙararsa wurin mijinta cewa shi ya neme ta. Duk wanda ya san ƙissar Annabi Yusuf da matar Aziz zai gane wannan gaɓa nan take. Don ya wanke kansa jarumin ya tona wa sarki asirin masoyiyarsa, sarki ya faɗa wa matarsa, ita kuma ta yi wa yarinyar gori a bainar jama'a. Yarinya ta mutu, jarumi ya kashe kansa, sarki ya kashe matarsa. Wannan ne abin da amarya ke buɗe ido ta gani kowace safiya. Ba don nishaɗi kawai aka zana shi ba, gargaɗi ne a kan amana da riƙe sirri da kamun kai, kuma kowa ya san wa ake yi wa gargaɗin.

A nan ya kamata ki daɗe, domin aure shi ne ginshiƙin duk abin da ke cikin gidan. Ƙidayar haraji da aka yi a Florence a 1427, wadda ake kira catasto, ta nuna mata na yin auren fari suna wajen shekara 18, maza kuma wajen 30. Saɓanin sadaki da miji ke bayarwa a Musulunci, a can uban amarya ne ke biyan ango dukiya mai yawa, kuma gwargwadon abin da ya biya, gwargwadon gidan da 'yarsa za ta shiga. Nauyin ya kai har hukuma ta kafa asusu na musamman a 1425, Monte delle doti, inda uba ke ajiye kuɗi tun yarinya na ƙarama su yi ta haihuwa har ranar aurenta. Alessandra Strozzi, wadda wasiƙunta suka tsira har yau, ta aurar da 'yarta Caterina a 1447 da florin 1,000. Clarice Orsini ta shiga gidan Lorenzo de' Medici a 1469 da florin 6,000. Yarinyar da ba a iya tara wa wannan kuɗi ba, sau da yawa gidan zuhudu ake kai ta, ko tana so ko ba ta so.

Dogayen akwatunan katako masu zane da za ki gani a ɗakuna, cassone, su ne shaidar wannan ciniki. Bibbiyu ake yin su, a zuba tufafi da kayan amarya. Za su tuna miki akwatunan lefe, amma da bambanci mai ɗaci: riguna na alfarma da duwatsun ado da ango ke saya wa amarya, a doka nasa ne, yana iya sayar da su bayan 'yan shekaru in kasuwa ta buƙaci jari. Idan kuma miji ya rasu, wanda ya zama ruwan dare saboda tazarar shekaru, matar na da haƙƙin karɓar dukiyar da ta zo da ita ta koma gidan ubanta, amma 'ya'ya na dangin miji ne, a nan za ta bar su. 'Yan'uwanta maza kan matsa mata ta fito don su sake aurar da ita, dangin miji kuma su matsa mata ta zauna don kada kuɗin ya fita. Idan na tsaya gaban ɗaya daga cikin akwatunan nan, wannan matar nake tunawa, mai shekara ashirin da 'yan kai, da aka ce ta zaɓa tsakanin 'ya'yanta da gidan ubanta.

Ki nemi wani faranti na katako mai zane, aikin Scheggia, ƙanen shahararren mai zane Masaccio, wanda ke nuna samari suna wani wasan mare-mare a titi. Irin wannan faranti ana yin sa ne don mai jego, a ɗoro mata abinci da kayan zaƙi a kai, daga baya a rataye shi a bango. Scheggia ɗin ne ya zana na haihuwar Lorenzo a 1449, wanda yanzu yake gidan tarihin Metropolitan a New York. Girmama haihuwa haka yana da tushe. Annobar 1348 ta kashe wajen rabin mutanen garin, ta kuma riƙa dawowa, har garin da ya kai mutum kusan 100,000 kafin annoba ya koma kusan 40,000 a 1427. Mata da yawa kuma a wurin haihuwa suke rasuwa. Duk da haka jaririn gidan masu kuɗi ba ya daɗewa a hannun uwarsa. Kwanaki kaɗan bayan haihuwa ake miƙa shi ga mai shayarwa, galibi a ƙauye, uba ne ke yin yarjejeniyar da mijin matar, ya rubuta a littafinsa, yaro ya dawo bayan yaye in ya rayu. Shimfiɗar jariri da za ki iya gani kusa da gado tana da kyau a ido, amma kada ta sa ki zaci nan yawancin 'ya'yan gidan suka yi rarrafe.

Ɗakin kwana a wancan zamani ba wurin barci kaɗai ba ne. Nan mai gida ke ajiye dukiyarsa mafi daraja, nan yake ganawa da aminai, gadon kansa ma a kan dakali yake, akwatuna masu makulli na zagaye da shi. A bango akwai 'yan tagogin da ba su huda waje ba, masu ƙyaure, inda ake ajiye hoton ibada irin na Kirista, a buɗe lokacin addu'a. Kusa da ɗakin akwai ɗan ƙaramin ɗakin karatu, inda ake ɓoye littattafan lissafi da littafin tarihin gida, wanda uba ke rubuta haihuwa da aure da mutuwa da bashi a ciki. Leon Battista Alberti, ɗan dangin da amaryar can ta fito, ya rubuta littafi a kan sha'anin iyali a shekarun 1430, inda wani dattijo ke bayyana yadda ya zagaya da amaryarsa ya nuna mata komai na gida ya danƙa mata, ban da takardunsa. Waɗannan littattafai da aka hana mata gani su ne yau masana ke karantawa don su san rayuwar matan.

Kicin yana can bene na uku, ƙarƙashin rufi. Dalili a fili yake: hayaƙi da zafi sama suke yi, in gobara ta tashi kuma rufi za ta ci, ba gidan duka ba. Za ki ga babban murhu, da ƙarfen juya nama a kan wuta, da turame, da tukwane, da abin kwaɓa fulawa, tare da masaƙa da kayan kaɗi da na guga, domin nan ne matan gida da barori ke yini. Ruwa na zuwa ta ramin rijiya, amma itace da gawayi da buhun hatsi a ka ko a kafaɗa suke hawa duk matakalar nan da ta sa ki haki. Su wane ne masu hawan? Wasu 'yan matan ƙauye ne da ke aiki shekaru don a tara musu kuɗin aure. Wasu kuwa bayi ne. A shekarun 1360, bayan annoba ta rage ma'aikata, hukumar Florence ta halatta shigo da bayi muddin ba Kiristoci ba ne. Yawancinsu mata ne daga yankin Baƙin Teku, Tatar da Sarkasiyawa da Rashawa, ta hannun 'yan kasuwar Genoa da Venice, sannan a ƙarshen ƙarni na 15 aka fara kawo 'yan Afirka ta hanyar Fotugal. Cosimo de' Medici kansa, kakan Lorenzo, ya haifi ɗa, Carlo, da baiwarsa. Gidajen tarihi irin wannan ba su cika ɗaga murya a kan wannan ba, saboda baiwa ba ta bar akwati mai zane ba. Ke malama ce, ya kamata ɗalibanki su ji shi daga bakinki.

Kada ki raina ƙananan rubuce-rubuce da zane-zanen da aka yi da gawayi ko aka karce a bangon benaye. Mutanen da suka zauna ko suka yi aiki a gidan ne suka bar su, kuma ɗaya daga ciki ya ambaci kisan Giuliano de' Medici, ƙanen Lorenzo, wanda 'yan makircin dangin Pazzi suka soke a babban cocin gari ranar 26 ga Afrilu, 1478. Labari ya iso gida, wani ya juya ya rubuta a bango. Ki roƙi mai gadin ɗakin ya nuna miki, don ba shi da sauƙin ganewa. Akwai kuma tarin leshi da aikin allura na ƙarnoni daban-daban a cikin durowoyi. Yana da kyau, amma in lokaci ya ƙure shi za ki fara tsallakewa.

Game da shiri: gidan yana ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta Bargello, kuma ranakun buɗewa da sa'o'i suna sauyawa, sannan an saba hawa benayen sama ne rukuni-rukuni a ƙayyadadden lokaci tare da ma'aikaci. Ki duba shafinsu na intanet kwana biyu kafin tafiya, ki kuma tambayi lokacin hawa sama tun a wurin sayen tikiti, domin wanda ya tsaya a bene na farko bai ga ɗakin amarya ba, bai ga kicin ba. Sa'a biyu za su ishe ki. Ranar Lahadin farko ta kowane wata gidajen tarihin gwamnatin Italiya kyauta ne, sai dai cunkoso ya fi yawa.

Idan kin fito da sauran ƙarfi, ki taka zuwa Palazzo Medici Riccardi, wanda Michelozzo ya fara gina wa Cosimo a 1444. Tsakar gidansa mai faɗi da daidaitattun ginshiƙai za ta nuna miki abin da shekara ɗari ta canza, kuma ɗan ɗakin ibadarsa da Benozzo Gozzoli ya zana a 1459 cike yake da fuskokin mutanen gidan cikin tufafinsu. Akwai kuma Museo Horne, gidan ƙarni na 15 da wani Baturen Ingila, Herbert Horne, ya saya a 1911 ya jera wa kaya, shi ma tarin mutum ɗaya ne ba gadon masu gida ba. In hanya ta bi da ku Milan aka ce ki shiga Bagatti Valsecchi, ki shiga, amma ki sani wasu 'yan'uwa biyu ne suka tsara shi a ƙarshen ƙarni na 19 bisa salon Farfaɗowa. Ni kuwa da za ki bi tawa, daga Davanzati sai Ospedale degli Innocenti, gidan renon jariran da aka yasar, wanda ƙungiyar masu siliki ta ɗauki nauyinsa, Brunelleschi ya fara gina shi a 1419, ya karɓi jaririyar farko a 1445. Da yawa daga cikin jariran farko da aka kai can 'ya'yan bayi ne da barorin manyan gidaje irin wanda kika fito daga ciki, kuma tsakanin wuraren biyu bai wuce tafiyar minti goma sha biyar ba.